Ƙarar Motar Auta

Ni dai ba na son mai mota ya koya min aikina. Duk garejin an san haka, shi ya sa ake ce min Barkono, kuma ban taɓa musu ba. To ranar da Malama ta shigo da tsohuwar motarta ta ce in canza mata tayar gaba amma kada in taɓa komai a ƙasa, nan take na ji raina ya fara ɓaci.

Malama koyarwa take yi a makarantar da ke bayan kasuwa. Motar kuwa ta girmi duk ɗalibanta. Rana ta cinye fentin, kujerar direba ta lotsa, amma injin tsaf yake, ka san hannun da ya san mota ne ya raine ta.

Na sa jak na ɗaga gaban, na cire tayar. Gefen ciki ya cinye har waya ta leƙo, gefen waje kuwa kamar jiya aka saya. Duk bakaniken da ya ga haka ya san ba laifin taya ba ne. Na ɗauko dogon ƙarfe na zura a gindin am, wato hannun ƙarfen nan da ke riƙe taya da jikin mota. A gindinsa akwai roba mai kauri cikin zoben ƙarfe, muna ce mata bushin, ita ke hana ƙarfe ya daki ƙarfe. Ina dannawa sai am ɗin ya yi lilo, ƙwas! Robar ta yage, ta rabu da zobenta.

"Malama, zo ki gani da idonki."

Ta tattare mayafi ta durƙusa ta leƙa. "Na sani," in ji ta.

"Kin sani? Kin sani kuma kike hawa titi da ita? Wannan fa in kika taka birki da ƙarfi, inda ta ga dama za ta nufa, ba inda kika ce ba."

"Malam, ka sa min taya kawai."

"Ai sai ki kai wa mai faci! Ni ba na ɗaura sabuwar taya a kan ruɓaɓɓen bushin, gobe a ce aikin Barkono ne."

Mai Walda, maƙwabcina da rumfarsa ke jikin tawa, ya ɗaga gilashin fuskarsa. "Kai Barkono, sassauta mana. Kullum kai a tafashe kake kamar lagireto?"

Na buɗe baki zan ba shi amsar da ta dace da shi, sai na ga Malama ta zauna a kan benci ta haɗa hannuwa a cinya. Ba kuka take ba, amma kaɗan ya rage. Sai ta fara magana.

Motar ta babanta ce. Direba ne, a bakin sitiyari ya tsufa. Yanzu mantuwa ta kama shi. Da farko sunayen tituna ne suka ɓace masa, daga baya fuskoki. Yayyenta in sun zo gaishe shi sai ya ce baƙi daga ina. Ita kanta, autarsa, da suke gida ɗaya, in ta shiga ɗakinsa da safe kallon baƙuwa yake mata. Amma a ƙofar gidansu akwai kwalbati mai ɗan tudu, duk sanda motar ta hau sai gaban ya yi ƙwas-ƙwas. Da ya ji wannan ƙarar sai ya ɗago kai ya ce, "Auta ta dawo." Daga nan har ya kwanta ya san ta. A hannunta yake cin abinci, a hannunta yake shan magani. Ƙanwarsa, Gwaggo, da ke wuni da shi, sai ta yi ta fama da kwano yana kawar da kai.

"Ranar da ba makaranta ma," in ji ta, "sai na fita na zaga layi na dawo, don kawai ya ji."

Na ji kunyar bakina, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, na sake gaya mata a hankali cewa motar nan ba ta da amana. Ta gyaɗa kai, ta ce ta ji. Na ɗaura mata tayar ina yi ina tsaki, ban ma san wa nake yi wa tsakin ba.

Ba a daɗe ba ta dawo, da rana tsaka, fuskarta ta yi fari fat. Wani mai keke ne ya gifta mata a kusa da makaranta, ta taka birki, motar ta fizge gefe ta tsaya dab da inda yara ke tafiya. Ba wanda ya ji ciwo. Ta miƙo min makulli.

"Ka canza, Malam."

Ban ce na gaya miki ba. Allah ya sani ya zo min har baki, na haɗiye shi.

Aikin bushin a tsohuwar mota ba wasa ba ne. Notocin sun yi tsatsa sun kafe, na fesa musu mai, na bar su suka sha, suka ce ba su san zancen ba. Sai da Mai Walda ya zo da wutarsa ya gasa su, sannan suka saki suna kuka. Na sauke am ɗin, na yi masa alama da alli don in san yadda tsohon bushin ya fuskanta, na ɗora a injin matsa. Ya yi gardama, ya yi gardama, sannan ya fita fat ya gangara ƙasa. Na goge ramin da samfefa har ya yi sumul, na saita sabon a kan alamar, na matsa shi a hankali don kada ya shiga a karkace. Haka na yi wa ɗaya gefen, don ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Da na mayar da komai ban ɗaure notocin tamau ba sai da na sauke motar ta tsaya da ƙafafunta. In ka ɗaure tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe, kafin ka ankara ta sake yagewa.

Duk wannan Malama na kan benci tana kallo kamar mai jiran majiyyaci a ƙofar ɗakin tiyata.

Na kai aka saita tayoyin, na zaga da motar, na bi ta duk ramin da na sani a layinmu. Shiru kake ji, sitiyari ya tsaya cak a hannu. Tunda nake aikin nan ban taɓa gyara mota ta yi lafiya raina ya ɓaci ba sai ranar.

Abin da muke tsoro shi ya faru. Da ta sake zuwa ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce ranar da ta koma gida ta tarar da shi a kujerarsa yana fuskantar ƙofa. Motar ta hau kwalbati ba ƙara. Ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya ce, "Sannu baiwar Allah, ɗan matsa gefe, 'yata nake jira." Tun daga ranar ruwa kawai yake karɓa, sai ɗan abin da Gwaggo ta samu ta lallaɓa ta tura masa. Magani kuwa ya ce ba ya shan na baƙi.

"Malam, don girman Allah ka mayar min da tsofaffin."

"Ba zan mayar ba, Malama. Ko za ki tara min mutanen gari ba zan mayar ba. In wani abu ya same ki a hanya, wa zai jira kuma?"

Ta sunkuyar da kai. Ni ma na rasa inda zan sa idona.

Mai Walda ne ya leƙo. "To ku ba ƙara ake nema ba? A yi mata ƙara mana."

Ka ji mutum, sau ɗaya a shekara yake magana mai kai. Na tono tsohon bushin daga bokitin tarkace, na ɗaure shi da waya a ƙarƙashin motar, muka gwada a tudun bakin gareji. Ƙararsa ta yi taushi, na kwance na jefa shi a aljihun rigar aiki. Muka gwada noti, muka gwada guntun bututu, Malama na tsaye tana cewa wannan ya yi kaifi, wannan ya yi nauyi. Daga ƙarshe wani guntun ƙarfe ya ba da ƙwas-ƙwas ɗin da ta ce shi ne sak. Na ce zan bi ta in ji da kunnena.

Da yamma muka isa. Tun daga nesa na hango shi a baranda, dogon tsoho siriri cikin farar riga, hannuwansa a kan gwiwa kamar yana riƙe da sitiyari. Gwaggo na gefe da kwano a rufe. Malama ta rage gudu, ta hau kwalbatin. Ƙwas-ƙwas!

Tsohon ya ɗago kai. Ya karkata kunne, ya ɗan yi jim, sannan ya ja dogon tsaki.

"Wane sakarai ne ya rataya ƙarfe a waya? Wannan ai ba bushin ba ne."

Jama'a! Duk shekarun da na yi a ƙarƙashin mota, tsohon da bai san sunan ƙanwarsa ba ya kama ni da kunne ɗaya. Da ba don halin da ake ciki ba da na yi dariya. Malama ta kifa kai a sitiyari, kafaɗunta na rawa.

Na fito, don ba zan zo ƙofar dattijo in koma ban gaishe shi ba. Na durƙusa a gabansa.

"Barka da yamma, Baba."

"Kai wane ne?"

"Bakanike ne, Baba. Ni ne sakaran."

Ina durƙuson na ji abu na tokare min cinya. Tsohon bushin ne a aljihu. A aikinmu in ka cire wa mota abu, dole ka nuna wa mai ita, ya gani da idonsa ya san ba cutarsa ka yi ba. Na nuna wa Malama, amma mai motar na asali ga shi a zaune. Ban yi wani dogon tunani ba, na ciro na sa masa a tafin hannu.

Ya juya shi. Babban yatsansa ya bi zoben, ya sami inda robar ta yage, ya tura bututun tsakiya ya ji yana lilo. Sai na ga fuskarsa ta canza, girarsa ta haɗe.

"Daga motata ka cire wannan?"

"Daga ita, Baba."

"Da wannan yarinyar nan take yawo? Ai ina jin sa! Kullum ina jin sa, kullum gabana na faɗuwa sai na ji ta shigo. Ina Autar take?"

Ban san sanda ta fito daga mota ba, sai na ji muryarta a bayana. "Ga ni, Baba."

Ya juya ya dube ta, ya dube ta sosai, ya ɗaga bushin yana kaɗa mata a fuska.

"Ke! Sau nawa zan ce ki kai a canza? Kunnen ƙashi gare ki tun kina ƙarama. So kike ki kashe min kanki a titi?"

"An canza, Baba." Hawaye na zuba, tana dariya.

"Kina min dariya ma? Duka biyun aka canza?"

"Duka biyun."

Ya waiwayo kaina. "Kai kuma, a sama ka ɗaure ko a ƙasa?"

"Sai da na sauke ta, Baba."

"To, da sauranka dai, amma ka yi hankali. Je ka cire wannan shirmen da ka rataya."

Na shiga ƙarƙashin motar ina kwance wayar, kuma na gode wa Allah da ya ba ni inda zan ɓoye fuskata. Daga nan nake jin Gwaggo ta buɗe kwano, cokali na taɓa shi, tsohon yana ci yana mita, wai yaran yanzu mota kawai suka iya hawa.

Ban karɓi bushin ɗin ba, ba wanda ma ya yi zancensa.

Kwanan baya ta kawo motar juyen mai. Tana neman makulli a jaka na hango shi naɗe a cikin hankici. Ta ga na gani. Ta ce kullum in ta dawo sai ta durƙusa ta sa masa a hannu. Wata rana ya juya shi ya ajiye, bai ce komai ba, ranar sai haƙuri. Amma yawanci yana taɓa inda robar ta yage sai faɗa ya tashi sabo fil, kamar bai taɓa yi ba.

"To jiya fa?" na tambaye ta.

Ta naɗe hankicin a hankali ta mayar cikin jaka, fuskarta duk murmushi.

"Jiya ai na sha shi sosai, Malam. Har cewa ya yi ba zai ƙara ba ni motarsa ba."