Mai Tayar da Akori-kura

Akori-kurarmu ba ta tashi da safe sai Baba ya sa mata hannu. Ba camfi ba ne, lalacewa ce, kuma duk gidan mun san inda take, domin Yaya bakanike ne, garejinsa kullum cike da motocin mutane. Wani ɗan abu ne baƙi, bai fi tafin hannu ba, manne a jikin akwatin giya ta ƙasa. Sensa ake ce masa. Motar mai canza giya da kanta ce, shi kuma aikinsa ya gaya mata inda sandar giya take, a fakin ne, a ribas, ko a firi. In bai ce mata tana fakin ko firi ba, ko ka murɗa makulli har ya karye ba za ta ce uffan ba. Namu ya rikice tun ina sakandare.

Baba ne ya gano lagonta. Akwai wani ɗan wuri tsakanin fakin da ribas, nan yake jan sandar ya tsayar, ya karkata kai kamar mai neman tasha a rediyo, sannan ya murɗa. Sai ka ji ta yi tari ta kama. Na gwada, Yaya ya gwada, mijin yayarmu mai cika baki ya gwada har ya yi gumi, a banza. In ta yi zafi ba ta gardama da kowa, ta safe ce kawai sai shi.

A bayan motar nan muka girma. Kaji muke kiwo, ƙwai muke kaiwa shaguna, kuma Baba ba ya fita sai da mu. Mukan zauna tsakanin kiret-kiret, kowa ya rungume nasa, shi kuma yana leƙowa ta taga yana cewa duk wanda ya fasa ɗaya shi zai kwanta a kan sauran ya ƙyanƙyashe. Fitilar ribas ta mutu tare da sensar, saboda haka in zai ja baya ɗayanmu ke dira ya tsaya yana cewa taho, taho, tsaya. Ni ce auta, ni ce mai murya, aikin ya zama nawa. Har yau in na ji warin tsohuwar kujera da rana ta gasa, waɗannan safiyoyin nake tunawa, kuma kewarsu nake yi ba kaɗan ba.

Da idon Baba ya yi rauni likita ya hana shi tuƙi, kai ƙwai ya dawo wuyana. A hankali komai ya zame masa. Allurar kaji ta koma hannun Mama, masu shaguna suka daina tambayarsa, ko abincin kaji ya je zubawa sai a ce ya zauna ya huta. Abu ɗaya ya rage. Kullum da safe in na gama lodi sai in tsaya a bakin ƙofa in ce, "Baba, mutuniyarka ta ƙi." Zai fito da wankakkiyar riga, ya taje gemu, yana mita wai an hana shi shan shayi, alhali tun ɗazu yake zaune da takalmi a ƙafa.

Ni kuwa haushi nake ji, ba na ɓoyewa. Ba irin gorin da ban yi wa Yaya ba. Bakanike guda, motar gidansu sai an yi mata lallashi. Shi dai ya yi murmushi ya ce, "Auta, kayan ne ba a samu."

Ranar da abin ya faru, Mama na tsugune bayan motar tana wankin kwanonin ruwan kaji. Baba ya ja sandar ta wuce inda ya saba, ƙafarsa kuma ba ta danne birki sosai ba. Motar ta tashi a ribas. Ta yi tsalle baya, ta murƙushe bahon wankin, ta daki turken shanya ta tsaya. Mama ta tsira da ƙujewar gwiwa don ta miƙe ɗauko sabulu. Baba ya daɗe a zaune riƙe da sitiyari. Da ya sauko bai kalli kowa ba, kuma ranar ko abincin rana bai taɓa ba.

Ranar Asabar Mama ta ja shi gidan Gwaggo, ƙanwarsa, wai tana ta cigiyarsa. Suna fita Yaya ya shigo da akwatin kayan aiki da wani ɗan kwali da ya yi ƙura har rubutunsa ya koɗe.

Na juya kwalin na ce, "Yaya, wannan ai ya shekara a ajiye."

"Ya fi."

"Kai da ka ce ba a samu?"

Ya karɓe kwalin ya ajiye gefe. Ya sa bulo ya tokare tayoyi, ya ja birkin hannu, ya cire kan batir. Ya ce in shiga in sa sandar a firi, kada in bari ta motsa. Ya shimfiɗa wani babban kwali a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai nake hangowa ta madubi.

Ina jin komai ta tafin hannuna. Ya zare soket ɗin wayoyi, ya kwance notin da ke riƙe da wayar giya, sandar ta saki ta zama ba nauyi. Notinan sensar suka yi gardama, tsatsa ta cinye su, ya fesa musu mai yana zaginsu ƙasa-ƙasa. Kan sandar ya sha hannun Baba har ya yi sulɓi, gefe ɗaya ya ɗan lotsa daidai inda babban yatsansa ke zama. Na ɗora nawa a wurin. A nan ne tambayar ta zo mini, wadda ya kamata in yi tuntuni.

"Yaya, to gobe da safe fa?"

Na ji ya ajiye sifanar da yake kwance noti da ita. "Sai yau kika tuna da goben?"

"Me Baba zai fito yi?"

"Shi nake ta tambayar kaina duk shekarun nan, ke kuma kina ce mini ragon bakanike." Ya turo tsohuwar sensar waje, ta gangaro cike da baƙin mai. "Amma ba zan zuba ido motar nan ta taka Mama ba. Kin san Baba, in ya taka ta ba zai ƙara kwana lafiya ba."

Ya ciro sabuwar daga kwalinta ya zura a gurbin tsohuwar, ya juya ta a hankali har zanen da ke jikinta ya yi daidai da na firi, ya ɗaure, ya mayar da waya da soket da kan batir. Ya ce in gwada a fakin. Murɗawa ɗaya ta tashi. A firi ma haka. A ribas da giyar tafiya ta ƙi, yadda ya kamata. Ya ce in sa ribas in taka birki, ya zaga baya, sai ga farin haske a jikin bango, hasken da rabona da shi tun ina sa kayan makaranta. Aiki ya yi kyau, ni kuma zuciyata ta yi nauyi har na kasa ce masa sannu.

Muka share wurin, Yaya ya wanke ɗigon mai, ya tafi da kwalin da tsohuwar sensar. Muka yi shawara ba wanda zai faɗa.

Washegari na gama lodi, na tsaya a bakin ƙofa. Na yi kira kamar kullum.

"Baba, mutuniyarka ta ƙi."

Ya ɗan jima kafin ya fito. Rigar wankakkiya ce, gemun a taje, sai dai yau babu mitar shayi. Ya lalubi ƙofar motar ya hau, ya ce in duba baya ko akwai mutum. Na ce babu. Ya danne birki da ƙarfi. Hannunsa ya tafi wajen sandar da kansa, ya tsaya a sama, sai ya janye shi ya ɗora a cinya. Ya murɗa makulli. Ta tashi.

Ya saurari injin, ya gyaɗa kai.

"Yayanki ya daidaita ta da kyau."

Na rasa inda zan sa idona. "Baba, wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya mini? Ni na ce uwarku ta kai ni gidan gwaggonku. Kin taɓa ganin na je wajen matar nan da ƙafata, in wuni tana ba ni labarin ciwon bayanta?"

Dariya ta zo mini tare da hawaye, na rasa wanda zan fara. Ya sauko a hankali, ya riƙe mini ƙofa kamar direban manya, na shiga na zauna. Kujerar da ɗuminsa. Ya rufe, amma bai saki tagar ba, yana ta shafa bakin gilashin da yatsa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Gobe ma ki kira ni."