Albasar Wilf

Shekara talatin da ɗaya Norman Garbutt yana shiga gasar albasa ta ƙauyen Skelby, shekara talatin da ɗaya maƙwabcinsa Wilf Alderson yana kayar da shi. Kofin gasar nan ya tsaya wa Norman a rai, har marigayiya matarsa takan ce gara ma a ce albasa ya aura.

Da can mutum ashirin ke jera albasarsu a zauren taro. Sai aka rufe masana'antar cuku, matasa suka bi aiki birni, aka rufe makaranta, kanti ma ya bi. Gidajen kuwa 'yan birni suka saye, sai ƙarshen mako ake ganin motsinsu. Aka wayi gari daga Norman sai Wilf. Dokar gasa kuma ta ce in masu shiga ba su kai biyu ba, a soke.

To, bana Wilf ya gama dashe ke nan ya faɗi ya karya ƙugu. 'Yarsa ta kai shi gidan kula da tsofaffi a birnin Leeds, aka sa gidansa a kasuwa.

Kwana uku Norman yana leƙen lambun ta kan katanga yana tsaki. A na huɗu ya tsallaka da bokiti. Wai ba don Wilf yake yi ba, don kada a soke gasa ne. Haka ya yi ta ban ruwa da cire ciyawa, har da zuba takin nan nasa da yake ɓoye wa kowa.

Da lokacin tuge albasa ya yi, ya durƙusa a lambun Wilf. Ga ƙanana nan. Da su zai kai da sunan Wilf, da kofi ya zama nasa, ba mai sani. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce tir, ya zaɓi manya uku mafi kyau.

Ranar gasa alƙaliya ta juya albasar, ta auna, ta ba Wilf kofin.

Ran Alhamis, ranar da bas ke shigowa ƙauyen, Norman ya naɗe kofin a jarida ya nufi Leeds. Ya tarar da Wilf a kujera bakin taga, ya rame sosai. Tsohon ya rungume kofin yana dariya.

"Kai dai ba ka da amfani," in ji Wilf. "Ina kwance ma na kayar da kai. Baɗi ka dasa min a gindin katanga, ƙasar wurin ta fi."

Wilf bai sani ba, tun ran Litinin waɗanda suka sayi gidansa suka malale lambun da siminti, wurin ajiye mota. A gaban Norman aka yi. Tausayi ya cika shi, har ya kasa kallon mutumin.

"Baɗi za ka gani, tsohon banza," in ji Norman, ya gyara masa bargo a gwiwa.