Tsutsar da Ta Girmi Gawa

A ofishin binciken laifuka Uwar Ƙuda ake ce mata, don duk inda gawa ta fara wari ita ake turawa. Hancinta ya daɗe da sabawa da ɗoyi. Amma da ta tura ƙofar ɗakin wani tsoho, can bayan gidan ɗansa kusa da makewayi, sai da ta ja da baya ta gyara takunkumin fuskarta.

Ɗan marigayin, ɗan kasuwa mai sheƙi da ƙamshin turare, ya tsaya daga nesa yana toshe hanci da hankici.

"Jiya da yamma Baba ya cika, ranki ya daɗe," in ji shi. "Shanyewar ɓarin jiki ce. Ba irin hidimar da ban yi masa ba. Maƙwabta ne suka kira ku, don neman magana."

Ta hana kowa shiga, ta ɗauki hoton komai yadda ta same shi: kwanon abinci da ya yi funfuna, bokitin fitsari cike har baki, sakata a bayan ƙofa, ta waje. Sannan ta sa safar hannu ta taɓa gawar. Gaɓoɓin a sandare suke, cikin bai kumbura ba. Nan dai bai yi ƙarya ba, mutuwar sabuwa ce.

Ta kira Saje, ɗan sandan da ya rako ta, suka juya tsohon. Katifar ta manne da bayansa, ta ɓantare da ƙyar. Wani gyambo ne a ƙugunsa mai faɗin tafin hannu, tsutsotsi na nutso a ciki, ƙosassu, farare sol. Saje ya fita da gudu, ta ji shi yana kelaya amai a bakin rariya.

Ta tsinci 'yan kaɗan da hantsaki ta zuba a kwalba, ta auna tsawonsu. Ƙwan ƙuda ba ya zama wannan ƙatuwar tsutsa a dare ɗaya.

"Ai gawa ta gaji haka," ɗan ya ce daga bakin ƙofa.

"Waɗannan sun girmi mutuwarsa, malam. Da ransa suka fara cinsa. Yaushe rabonka da juya shi?"

Ya dubi agogon hannunsa. "To, yaushe za ku sakar mana ɗakin? Akwai kayan shago da nake son zubawa."

Yawu mai ɗaci ya taru a bakinta. Ta haɗiye, don ba a tofarwa a wurin bincike.

Likitan gawa ya tabbatar da abin da ta gani, ya ƙara da cewa cikin tsohon wayam yake, ya kwana biyu bai ga abinci ba. Aka gurfanar da ɗan a kotu. Ranar da ta je ba da shaida, ya miƙo mata gaisuwa daga inda yake tsaye, ta kau da kai.