Ɓurɓushin Zare a Shagon Mai Wanki

Ina tsakiyar yi wa wani aski na ji an buga bangon da ya raba shagona da na mai wanki. Na leƙa. Yana zaune a ƙasa, matatar injin wanki a hannunsa, ɗaya injin yana ta juyawa.

"Baba, lafiya?"

"Ƙirjin ne. Zai wuce." Ya miƙo mini matatar. "Kankare wannan ka zuba a bokiti. Kar ka wanke a kwata."

Ɓurɓushin zare ne ya danƙare a ciki, ruwan toka, kamar jiƙaƙƙen gashin kyanwa. 'Yarsa mai aikin jinya ce ta taɓa gaya masa yawancin rigunan yanzu roba ne, kowane wanki sai sun zubar da ƙananan zare, su bi ruwa har cikin kifi. Tun daga nan yake tarawa. Nakan tsokane shi, in ce bokiti guda me zai hana. Yakan ce, "Kai da kake share gashi kullum, ya daina tsirowa?"

Na kashe injin, na kira matarsa. Kafin mota ta zo, ya ce mata kayan makarantar 'ya'yan wani direba na kan igiya, a sauke kar rana ta cinye su. Ta ce ya rabu da maganar kaya. Bai dawo daga asibiti ba.

Bayan kwanaki ta buɗe shagon ita da 'yar, don a mayar wa mutane kayansu. Injin na nan cike da ruwa, bargunan ciki sun fara wari.

"Umma, bari a tace ruwan tukuna," in ji 'yar.

"Yi in za ki iya. Ubanki ne mai wannan haƙurin."

'Yar ta ɗaura ƙyalle a bakin tiyo. Ruwan ya fi ƙarfin ƙullin, ya tafi da ƙyallen cikin kwata.

Muna tsaye ni da su, wata mata ta zo da ƙunshin wanki a ka, ba ta ji labari ba.

"Baba na ciki?"

Matar mai wanki ta dube ta jim, sannan ta karɓi ƙunshin. Ta kwance shi a kan tebur, ta fara laluben aljihunan ɗaya bayan ɗaya.