Motar Injiniya a Ɗakin Malam Tambaya

Sammani yana goge gilashin motar da jiƙaƙƙen tsumma, yayarsa Talatu ta tsaya a bakin ƙofa ta tare masa haske.

"'Yar Injiniya ta baro Kura," in ji ta. "Ka dai ji abin da na faɗa maka. Kada ka ɗaga bonet ɗin nan."

Ya ci gaba da gogewa. Motar doguwa ce, koriya, bayanta da fukafukai biyu kamar na kifi, rufinta gilashi zalla. Wani kamfani a Amurka ne ya sa a ƙera ta don baje koli, shekara saba'in da suka wuce. Daga can aka aiko inji da ƙashin mota, maƙeran Italiya suka buga jikin da guduma. Guda ɗaya tak aka yi. Injiniya Renzo yana cikin samarin Italiya da suka buga ta, kuma da aka gama nunin za a rushe ta, shi ya cece ta. Da ya zo aikin haƙa kanal ɗin noman rani a Bunkure ya taho da abarsa. Ranar da zai koma gida da matarsa ba lafiya, ya miƙa wa direbansa Tambaya makullin ya ce, "Riƙe mini." Bai dawo ba.

Tambaya ya gina ɗaki ya kewaye motar. Har ya rasu, Tambaya Mai Amana ake kiransa, kuma da shi ake yi wa yara misali a unguwa.

'Ya'yansa biyu, Talatu da Sammani, su kawai suka san cewa a shekarar da aka yi fari, da gonarsa ta kan tudu ta ƙone saboda ruwan kanal ba ya hawa can, ya ciro injin motar ya haɗa shi da famfon ban ruwa. Ya ce na rani ɗaya ne. Yau shekara arba'in.

"Kin manta yadda Baba ya cika?" Sammani ya ce. "Yana toshe kunne yana cewa a kashe injin. Daga gona zuwa nan tafiyar rabin awa ce, Yaya. Ba wanda yake jinsa sai shi."

"Zafin ciwo ne."

"Ni ma yanzu ina jinsa. Ko a masallaci."

"To ka sha magani. Mutumin da ke kabari za ka tona wa asiri a gaban gari?"

"Sunansa yana nan wajenmu, shi kuma yana can da haƙƙin mutane. Wanne ne ya fi buƙata?"

"Kai dai da tambayoyinka. Tun kana yaro ba a gama tuwo da kai lafiya."

Keke-napep ya tsaya a ƙofar gida. Wata Baturiya mai furfura ta sauko, dattawan unguwa suka biyo ta har bakin ɗakin. 'Yar Renzo ce, wadda ake kira Laraba lokacin tana yarinya a barikin ma'aikata. Hausarta ta tsaya a shekara tara.

"Talatu mai kuka," ta ce, tana dariya. "Kin tsufa."

"Ke kin ga kanki kuwa?"

Da ta shiga ɗakin, dariyar ta ɗauke. Ta zagaya motar tana shafa ta a hankali. A gefen ƙofa ta tsaya, ta kama hannun Sammani ta ɗora a wurin. Ya ji 'yan tabo ƙanana a ƙarƙashin fentin, a jere.

"Gudumar Baba," ta ce. "Ya mutu bara. Kullum yana cewa, Tambaya yana riƙe. Ni ban yarda ba."

Mai unguwa Ɗanbaba ya gyara murya daga waje. "Ai ko noti ɗaya ba za ki samu ya ɓata ba. Irin su Malam Tambaya sun ƙare."

Laraba ta share ido. "Ba zan ɗauka ba. Ta zauna nan. Na ba ku, kyauta."

Dattawa suka hau sa albarka. Talatu ta sauke numfashi, ta dubi ƙanenta da ido mai roƙo. An ba su. Magana ta ƙare, ba wanda zai sake tambaya.

Sammani ya tsaya da tsumman a hannu. Matar ta ba da abin da take zaton yana nan. Abin da ba ta san an ɗauka ba, ta yaya za ta yafe shi?

"Laraba," ya ce, "kafin ki bayar, zo ki gani."

"Sammani," in ji Talatu, a hankali.

Ya zura hannu ya ja ƙarfen, bonet ɗin ya ɗagu da ƙara. Babu komai a ciki sai rami. Kowace waya da kowane bakin bututu an naɗe shi da tsumma mai mai, an ɗaure da zare, yadda mutum yake ɗaure abin da yake nufin dawowa kansa gobe.

Masu addu'a suka sauke hannu. Mai unguwa ya leƙa, ya ja da baya.

"Ina yake?" Laraba ta tambaya.

"Yana gona. Baba ne ya cire. Da shi aka ciyar da mu."

Ta daɗe tana kallon ƙullin zaren. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

"Yana tashi?"

"Yana tashi."

Ta ɗauki jakarta. Dattawan suka buɗe musu hanya, ba wanda ya dubi Sammani. Ya wuce gaba ya nufi gona, ta bi shi.