Harbin Ƙarshe a Kan Dalma

Ni dai na gaji, wallahi. Shekara da shekaru muna bin layi a ba mu injin nan na 'yan kwanaki, da aka ba mu kuma rabin lokacin ya tafi a gyaran famfon da ke zuƙe iska. Ranar ƙarshe da azahar, ƙwayar dalma biyu kacal ta rage mana, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

Aikin Malam ne, shugaban tawagarmu, tun ban shiga jami'a ba. Injin yana koro ƙwayoyin zarra masu nauyi da mugun gudu, ya watsa su kan dalmar. Ba a fatarta suke tsayawa ba, ratsa ta suke yi su zube zafinsu a ciki gaba ɗaya, kafin ta samu damar kumbura ta riga ta zama filasma mai kauri, wato wani irin tururi mai tsananin zafi. Ƙiftawar ido ma ta yi tsawo. Hasken da ta yi a lokacin shi Malam yake son kyamara ta kama, don da shi ake gane zafinta. Ƙarshen shekarar nan zai yi ritaya, in bai samu yau ba shi ke nan.

Aka harba ta farko. Allon kwamfuta ya yi fari fat, hasken ya fi ƙarfin kyamarar.

"Sai an sa mata tabarau," in ji Malam. Haka muke kiran baƙin gilashin da ke rage haske.

Duk muka gyaɗa kai. Dogo, mai kula da kyamara, ya ce to cikin hamma. Da ɗakin harbin ya huce aka buɗe ƙofa, kowa ya shiga sabgarsa. Ni na ɗaura dalmar ƙarshe, ga yunwa tana cina. Da zan fito na tuna halin Dogo, mutumin da sai ya manta takalminsa a masallaci, na zura gilashi ɗaya a bakin tagar tukunyar ƙarfen da dalmar ke ciki. Ban faɗa wa kowa ba, bakina ma ya yi mini nauyi.

Masu karɓar injin bayanmu sun riga sun jibge akwatunansu a baranda, shugabarsu sai duba agogo take tana mana murmushin dole. Na so a gwada kyamarar da fitila tukuna, Malam ya dubi barandar ya ce a bari.

Aka rufe ƙofa, jiniya ta yi kuka, aka harba.

Baƙi ƙirin. Ko ɗigo babu.

Na ce, "Kai Dogo! Ba ka kunna ta ba ne?"

"Haba Yaya, a kunne take. Har tabarau na sa mata a baki."

Na juya na dube shi. Na ce ai ni ma na sa a taga. Malam ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Da aka sake buɗe ɗakin shi ya riga mu shiga, yana jan ƙafarsa mai ciwo, ya sa hannu a tsakiyar bututun da ya haɗa tagar da kyamarar ya zaro gilashi na uku. Nasa.

Dogo ya fara wata dariya marar daɗi, ya haɗiye ta. Ni kuwa haushi ya cika ni har wuya, na rasa wanda zan zaga. Dalmar ta yi abin da aka ce ta yi, ga tabonta nan ɓaro-ɓaro a jikin mariƙin, mu ne muka toshe wa kanmu ido.

Muka kwashe wayoyinmu, waɗancan suna shigo da nasu. A bakin ƙofa na ce, "Malam, za mu sake nema. Wataƙila masu rabon injin su duba."

Ya daɗe yana goge gilashin da bakin rigarsa kafin ya miƙo mini.

"Ki nema, 'yata," ya ce. "Amma kada ki sa sunana, layin ya fi ni tsawo."