Suna na Uku a Bayan Kwali

Faya-fayan garmaho ɗari huɗu da 'yan kai ne a ɗakina a unguwar Maamobi ta Accra, kuma duk wanda ya kira su tarkace ba ya sake shan shayi a gidana. Shekara arba'in na yi ina gyaran rediyo a Tudu. Da kunnena na ci abinci, saboda haka kada wani ya zo ya ce mini abin da ke fitowa daga waya kiɗa ne. Wannan kukan sauro ne. Ni kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai in rufe taga, in goge faifai da ƙyalle mai laushi, in hure allura, in kunna tsohuwar amfilifata in ba ta minti biyar ta yi ɗumi. Akwatunan lasifika biyun da hannuna na haɗa su da katakon odum. In allura ta sauka akwai ɗan ƙas-ƙas da take yi kafin kiɗa ya taso, to a wannan ɗan tsakanin nake jin mutanen da ke ciki suna gyara tsayuwa. Kusan dukkansu sun daɗe a ƙasa.

Amma a cikin ɗari huɗun nan, ɗaya ne nake jin in gobara ta tashi zan shiga wuta in ɗauko.

Matata Sabuwa ta rasu shekara ashirin ke nan, lokacin da wayoyin unguwarmu ba su fara ɗaukar murya ba. Ta bar mini hoto uku da 'yarmu Nasiha. Muryarta kuwa ta tafi da abarta. Shekara bakwai bayan rasuwarta, ina tonon kwalaye a shagon wani mai tsofaffin kaya a Zongo Lane, na ci karo da faifan wani mai goge, Braimah Dogo, bugun 1979. Kwalin ya sha ruwa, kyankyasai sun ci gefensa. Na juya bayansa, sai ga sunayen 'yan amshi mata huɗu a jere. Na uku: Sabuwa Garba, Nima. Sunanta ne, sunan mahaifinta ne, unguwarsu ce. Na zauna daɓas a kan kayan mutane, mai shago ya zaci hawan jini ne ya ruga ya kawo mini ruwa.

Shekara ashirin da ɗaya muna tare, matar nan ba ta taɓa ce mini ta yi waƙa ba! Da farko haushi na ji. Daga baya na yi dariya ni kaɗai, na ce kunya ce, halinta ne, ko kuka ma a bayan ƙofa take yi.

A waƙa ta biyu ta fuskar farko, 'yan matan huɗu suna amsawa tare, amma akwai murya ɗaya da ke ɗan makara. Sai sauran sun sauka ita take ƙarasawa, ta ɗaga sama ita kaɗai, siririya, sannan ka ji ta ja numfashi. Ran da na fara jin wannan numfashin na ce ita ce. Ba wanda ya gaya mini, a jikina na ji, kuma na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Tun daga ranar Sabuwa ta dawo gidan. Kada a yi mini mummunar fahimta, ban ga kowa ba, ni ba mutumin camfi ba ne. Amma in na tuna tana yi mini faɗa na bar dalma a kan tabarma, da wannan muryar take yi. In na tuna tana ciniki da mai kifi, da ita ne. Na saya wa faifan allurarsa ta kansa wadda ba ta taɓa wani, kuma sau ɗaya nake sa shi a mako, domin allura tana cin faifai a hankali kamar yadda wanki ke cin zane. Shekara goma sha uku ban bari kowa ya ji ba. Rowa ce, na sani, kuma ban ji kunyarta ba.

Bara Nasiha ta zo daga Tamale inda take aikin jinya, da ciki wata bakwai. Ta ce in mace ce sunan Mma, wato uwarta, za a sa. Zuciyata ta yi laushi, na ce ta zauna a kujerar tsakiya, inda sautin lasifika biyun ke haɗuwa. Na sauke allura, da muryar ta ɗaga na nuna da yatsa.

Ta saurara, idonta a rufe. Ta ce, “Baba, a sake.”

Na karya dokata na sake.

“Baba,” in ji ta a hankali, da Hausar 'yan Accra mai mayar da mace namiji, “wannan ba Mma ba ne.”

“Me kika ce?”

“Muryan Mma yana da kauri. In ya kira ni daga bakin famfo, duk lungu sai ya ji. Wannan siriri ne paa, sosai.”

Raina ya ɓaci. Na ce shekararta goma sha biyu aka yi rasuwar, me ta sani? Na ce a faifan nan uwarta 'yar shekara goma sha bakwai ce, murya kuma tana sauyawa da haihuwa da hayaƙin murhu. Na ce kunnen da ya gyara rediyon rabin Accra ba yarinyar da ta tashi da waya a kunne ce za ta koya masa ji ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Sori, Baba. Wataƙila ni ne na manta.”

Ta koma Tamale ta bar ni da maganar. Juma'ar da ta biyo baya na goge faifan, na ɗaga allura, hannuna ya tsaya a sama. Tsoro nake ji, tsoro sosai. In ba ita ba ce, to wa na ajiye a ɗakina duk shekarun nan?

Sunan farko a bayan kwalin Damata Seidu ne, kuma na san ta. Ƙawar Sabuwa ce ta ƙuruciya, ta daɗe tana sayar da wake da shinkafa a bakin Kasuwar Malam Atta kafin gwiwoyi su zaunar da ita a gida. Da ina so in tambaye ta da tuni na tambaya. Na riƙa cewa ai tun da ta dawo daga Makka ba ta jin kiɗa, bai kamata in dame ta ba. Ƙarya nake yi wa kaina, ban so kowa ya taɓa mini abina ba ne. Ranar Talata bayan azahar na ɗauki ƙaramin garmahona mai kama da akwati, na tsallaka gadar babbar kwata na shiga Nima.

Na same ta a kan tabarma tana jan carbi. Bayan gaisuwa na miƙa mata kwalin. Ta kai shi kusa da ido, ta ga hoton mai gogen, sai ta dafe ƙirji.

“Ei! Baban Nasiha, ina ka samo wannan asiri? Rufe ƙofa, rufe ƙofa. Ni Hajiya ne yanzu, kar jikoki su ji.”

Na rufe, na rage sauti, na sauke allura. Goge ya taso. Carbin ya tsaya a hannunta, leɓɓanta suka fara motsi suna bin amshin ba tare da sauti ba, tsohuwa mai shekara sittin da wani abu. Da muka iso wurin, na ɗaga yatsa.

“Hajiya, wannan. Wadda ta makara. Wace ce?”

Ba ta ko yi tunani ba. Da Hausarta ta Nima da ba ta raba mace da namiji ta ce, “Sherifa ne. Kullum sai ya makara. Braimah ya yi faɗa har ya gaji.”

“Wace Sherifa? Babu Sherifa a kwalin nan.”

“To yaya za a sa? Uban shi malami ne, yana da makaranta a bayan masallaci. Ya ga sunan ɗiyan shi a kan faifan goge? Asem, babban magana! Wannan lokaci, yarinya in uban shi malam ne ko alhaji, sai ya aro sunan ƙawa. Kowa yana yi. Ko ni, Seidu ba ubana ba ne, sunan mai haya a gidanmu ne. Uban Sabuwa direba ne, kullum yana hanyan Bawku, ba ruwan shi. Shi ya sa Sherifa ya aro nashi.”

Na ce, “To a cikin sauran ukun, wacce ce Sabuwa?”

Nan fa ta fashe da dariya. “Sabuwa? Sabuwa bai iya waƙa ba koraa, ko kaɗan! In ya buɗe baki kaji suna watsewa. Ya raka mu dai. An ce ba a shiga ɗakin ɗaukan murya da takalmi, to shi ya zauna a waje yana gadin takalma da mayafanmu. Har muka fito yana barci a kan benci.” Ta yi ta dariya har da hawaye, sai ta dubi fuskata, dariyar ta mutu.

Faifan ya ci gaba da juyawa. Na ɗaga allura na ce, “Ina Sherifar take yanzu?”

“Shekara ɗaya bayan wannan ya rasu. Zazzaɓi, kwana uku. Ko aure bai yi ba. Uban shi har ya mutu bai san ya taɓa waƙa ba.” Ta shafa kwalin da tafin hannu. “Gidansu an rushe an yi bene. Ba wanda ya rage yana tuna shi sai ni. Ashe kai ma kana nan kana ji.”

A waje wata mai talla tana wucewa, wani yana buga ƙarfe. Daga ƙarshe na yi tambayar da ta fi ƙarfin girmana.

“Hajiya, don Allah, yaya muryar Sabuwa take? Ki ɗan kwatanta mini.”

Ta gyara zama da niyyar taimako. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi rufin kwano, ta sake buɗewa. “Yana da... in ya yi dariya...” Ta girgiza kai. “Wallahi fuskan shi ina gani yanzu-yanzu, har wushiryan. Amma murya ya tafi. Ka yi haƙuri, Baban Nasiha. Ni na ɗauka kai ne za ka riƙe.”

Ban san yadda na tsallako gadar ba. Na iso gida da la'asar sakaliya, na ajiye akwatin, ban kunna komai ba. Na zauna na ce yau da kaina zan nemo muryar Sabuwa. Na tuno wata rana da ta tsaya a bakin ƙofar nan da kwanon tuwo a hannu, gumi a goshinta, ɗankwalin ya zame gefe. Na ga komai, har ƙunar mai da ke bayan hannunta. Ta buɗe baki za ta kira ni, sai siririyar muryar nan ta fito, ta yarinyar da ban taɓa gani ba.

Na sake gwadawa da wata ranar. Ita ce dai.

Sai na yi magana a fili, ni kaɗai a ɗaki, kamar wanda ya taɓu. Na ce, “Sherifa, baiwar Allah, ba ki yi mini laifin komai ba. Amma don Allah ki ɗan yi shiru, matata nake son ji.”

Ta yi shiru. Na zauna ina jira har aka kira magariba, babu wadda ta yi magana.